Marayun Tsoka

Injin ya dawo daga gyara da safe, kuma kowa a sashen ya san ba za a taɓa majinyaci da shi ba sai Likita ya fara gwada shi a jikinsa. Haka yake yi tun kafin a haifi rabin ma'aikatan asibitin. Yakan ce ba zai soka wa ɗan wani abin da bai ɗanɗana a naman kansa ba. Wasu na cewa tausayi ne, wasu na cewa nuna isa ne. In za a faɗi gaskiya duka biyun ne, don mutumin yana da tausayi, kuma yana son a san yana da shi.

Ɗakin ƙarami ne, can ƙarshen baranda, bangonsu ɗaya da wurin ɗaukar hoton ƙashi. Gado ɗaya mai shimfiɗar roba, kujeru biyu, ɗan firiji, famfon wanke hannu da ya daɗe yana ɗiga har an daina jin sa, sai injin a kan teburinsa mai taya, da allo da lasifika. Aikin injin sauraron tsoka ne. Akwai wata allura siririya mai waya a cikinta. Idan aka soka ta a nama, ba ta jin komai sai 'yan zaren tsokar da ke daf da bakinta, kamar mutum ya kara kunnensa a ƙofa ɗaya cikin unguwa guda. Abin da ta ji shi ke fitowa a allo, ya kuma fito a lasifika. Likita bai cika kallon allon ba, da kunne yake aikinsa.

Su uku ne a ɗakin ranar. Shi, da Mai Gyara wanda ya dawo da injin, wani ƙato mai surutu da ba ya iya ɗaure ƙusa ɗaya sai ya ba da tarihinta, sai Auta, 'yar Likita ta ƙarshe. Ita ma likita ce. Da ta gama karatu, maimakon ta nemi wani gari ta sha iska, sai ta zo ta zauna ƙarƙashin ubanta, abin da yayyenta suka kira jawo wa kai rigima da rana tsaka. A gida Baba take ce masa. A ɗakin nan ya hana. A nan shi Likita ne, ita kuma “Malama” in ta yi daidai, “ke” in ta yi kuskure.

Abu na farko da ya koya mata shi ne, tsoka mai lafiya in ta kwanta shiru take yi. Kowace jijiya da ta fito daga laka tana da nata 'yan zaren tsokar da take riƙo, ba sa motsi sai ta ce su motsa. In jijiyar ta mutu, sai zaren su rasa mai tsawata musu, kowanne ya riƙa harbawa shi kaɗai ba dare ba rana. Marayu yake kiran su, har masu sharar ɗakin sun san kalmar. A lasifika ƙararsu kamar yayyafi ce a kan rufin kwano.

Ya wanke hannu ya zauna, ya ɗora hannun hagu a kan tebur, ya goge tsakanin babban yatsa da manuni da auduga. Mai Gyara ya kawar da kai yana cewa shi ƙarfe ya iya, nama ba hurumin sa ba ne. Likita ya soka allurar da hannun dama, ya saki hannun hagun ya kwanta, ya lumshe ido yadda ya saba yana jiran shiru.

Shirun bai zo ba. Tak, tak, tak-tak, tak. Yayyafi ne a hankali, ba gaggawa, kuma ba tsayawa.

Auta ta ɗago kai da sauri. Sautin nan ta san shi fiye da muryar wasu danginta.

“Fanka ce,” in ji Mai Gyara. “Wallahi fankar nan taku ta girme ni, wutarta ce ke shiga waya.”

“Ƙila fankar ce,” in ji Auta da sauri, ta tashi ta kashe ta da kanta.

Abin da ya biyo baya abin kunya ne ga likitoci biyu da suka san aikinsu. Wutar da ta kutso daga fanka ko fitila gurnani take yi, dogo, murya ɗaya, ba ta ɗiga. Ya sani, ta sani. Amma aka kashe fitila. Aka zare firiji. Auta ta tattara wayoyin hannunsu ta kai baranda ta ajiye a kan benci, ta leƙa ɗakin hoton ƙashi ta roƙe su su ɗan dakata. Mai Gyara ya rarrafa ƙarƙashin tebur yana nishi, ya canja waya, ya sake canjawa, daga ƙarshe ya zare injin daga bango gaba ɗaya ya bar shi a kan batir. Ɗakin ya yi duhu, ya yi zafi, ba sauran abin kashewa. Duk wannan hidimar Likita na zaune, allura tsaye a hannunsa, gumi na gangaro masa ta bayan kunne. Yayyafin bai ragu ko kaɗan ba.

“To ni kam kaina ya ɗaure,” in ji Mai Gyara yana goge fuska da hula. “Jiya na duba shi garau yake. Sai dai in a hanya aka jijjiga min shi.”

“Malama,” in ji Likita, “kawo hannunki.”

Ya zare allurar ya jefa a kwandon allurai, ya ɓare sabuwa. Ta so ta ce a bari sai gobe. Ta so ta ce tana tsoron allura, ita da take soka wa mutane kullum. Amma ta miƙa hannun. Ya soka daidai wurin da ya soka wa kansa, ya ce ta saki, ta saki. Lasifika ta yi shiru.

Mai Gyara ya tafa hannu, baki har kunne. “Kun gani ko! Na faɗa muku injina lafiya lau yake. Ashe ba daga injin ba ne, daga...”

Maganar ta maƙale masa. Ya dubi hannun Likita, ya dubi ƙasa. Ya mayar da firiji da fitila ba wanda ya sa shi, ya tattara kayan aikinsa, ya fita ba tare da ya ba da labari ko ɗaya ba.

“Tun yaushe?” in ji Auta, bayan ƙofa ta rufe.

“Tun yaushe me?”

“Baba.”

“A nan ba Baba.”

“To, Likita. Tun yaushe hannunka yake haka?”

Ita ma ta san amsar, shi ya sa tambayar ta fito da zafi. Ta ga ya daina sa maɓallin hannun rigarsa na dama, wai zafi yake ji. Ta ga yana miƙa wa uwarta lemo ta ɓare masa, wai ya gaji da yi wa mata bauta. Ta ga ramin da ya faɗa tsakanin babban yatsansa da manuni. Duk ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba, irin yadda 'ya'ya suke yi.

“Wuya ne,” ya ce yana danna auduga a wurin. “Shekara da shekaru ina sunkuye a kan injin nan. Ƙashin wuya ya danne jijiya. A buɗe, a sassauta mata, shi ke nan.”

Zai iya zama hakan, kuma in hakan ne, aikin tiyata ne da ɗan jinya. Amma akwai ɗaya abin da ba wanda ya kira sunansa a cikinsu: ciwon da jijiyoyin motsi ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daga hannu zuwa ƙafa, zuwa harshe, zuwa numfashi, hankalin mutum kuwa garau yana kallo har ƙarshe. Ba shi da magani. Raba biyun ba wuya: a saurari sauran jiki. In marayun a hannu kaɗai suke, wuya ne.

“Hau gado in duba ƙafarka da bayanka.”

“Mutane na jira a waje.”

“Ai ba wani lokaci zai ɗauka ba.”

“Ke. Kira na farko.”

Na farkon kuwa, kamar an aiko shi don cin fuska, wani Direba ne. Bara ya shigo ɗakin nan da ƙafarsa, yana raha, yana ƙorafin yatsunsa sun daina kama sitiyari da kyau. Yau matarsa ce ta turo shi a keken guragu, an tallafe masa wuya da tawul, wani tawul ɗin a kafaɗarta don goge masa miyau. Idanunsa kaɗai suka rage nasa, kuma suna bin kowa a ɗakin.

Matar ta rusuna ta gaida Likita, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta yi 'yan kame-kame, sannan ta faɗi abin da ya kawo su.

“Ranka ya daɗe, mun ji an ce injin ya lalace an kai shi gyara. Shi ne muka ce, ko lokacin da aka auna shi ma a lalacen yake? Ko za a taimaka a sake aunawa?”

Auta ta sunkuyar da kai. Likita ya jawo kujera ya zauna daidai fuskar Direba, don ba ya yi wa majinyaci magana daga sama.

“Malam, injin nan ba ya ƙirƙiro abin da babu. In ya lalace, ko dai ya mutu ko ya yi gurnani. Abin da na ji a jikinka bara, a jikinka yake. Ba zan sake soka maka allura don in faranta maka rai na yini ɗaya ba.”

Direba ya lumshe ido ya buɗe. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, matar ta sunkuya ta kai kunne.

“Wai ya gode,” ta ce. “Wai kai kaɗai ne ba ka taɓa yi masa wasa da hankali ba.”

Likita ya miƙa hannu ya dafa hannun Direba. Hannun hagu ya miƙa, bai yi tunani ba. Auta ta ga hannuwan biyu gefe da gefe, ramin nan iri ɗaya, na Direba dai ya fi zurfi. Ta fita baranda wai za ta ɗauko wayoyinsu, ta daɗe ba ta dawo ba.

A gida kuwa Mama ta riga ta gano ciwon, har ta tsara magani. Tsohuwar malamar makaranta ce, ta ladabtar da 'ya'yan unguwa kaf, ba ta shakkar kowa a duniya sai allurar asibiti. Tsawon zamansu ba ta taɓa taka ɗakin aikin mijinta ba, kuma in uba da 'ya suka soma zancen aiki a kan abinci, sai ta ƙwanƙwasa cokali a faranti ta ce a bar mata kunnenta. Abin da aka gaya mata shi ne wuya ya danne jijiya, kuma abin ya yi mata daidai.

“Barcin kujera ne,” ta ce tana murza masa man zafi a ƙeya. “Mutum ya tsufa ya ƙi yarda ya tsufa. Ya zauna gaban talabijin wai yana kallon labarai, alhali labarai ne ke kallon sa, baki buɗe, wuya a karkace. Ba dole jijiya ta yi fushi ba?”

“Kin fi ni sani, babbar malama,” ya ce.

“Ai da ma na fi ka. Takardar ce kawai ba ni da ita.”

Ya yi dariya sosai, har da buga ƙafa. Ta sayo masa sabon matashin kai mai tauri, ta kafa dokar hana kujera bayan cin abinci. Auta tana zaune tana juya shinkafa a faranti.

Kwanaki suka shuɗe bai sake ta da maganar ba, ita ma ta kasa. A wurin aiki sai ya riƙa cewa, “Malama, ke soka, ina so in ga ko hannunki ya faɗa,” kamar jarrabawa yake yi mata. Ta gane, ya gane ta gane, suka ci gaba da aiki.

Wata yamma ta same shi a tsakar gida yana ba shukokinsa ruwa, ya naɗe ƙafar wando don kada ta jiƙe. A ƙwaurinsa akwai ɗan filasta, wani kuma sama da gwiwa.

“Ka duba ƙafar,” ta ce.

“Na duba.”

“Kai kaɗai.”

“Da wa zan duba, da maigadi?”

“Me ka ji?”

Ya ci gaba da zuba ruwa a tukunyar da ta riga ta cika tana ambaliya. “Akwai su. Ba yawa.”

Ta zauna a bakin dakali.

“Kada ki yi min wannan fuskar,” ya ce. “Tsoho irina, wuya na iya danne hannu, ƙugu na iya danne ƙafa. Biyun suna haɗuwa a jikin mutum ɗaya, na sha gani.”

“Saura tsakiyar baya ke nan.”

“Saura tsakiyar baya.”

Tsokar gefen ƙashin baya suke nufi, tsakanin kafaɗa da ƙugu, inda haƙarƙari ya tokare ƙasusuwan ba sa gocewa su danne komai. In aka ji marayu a can, ba wuya ba ne, ba ƙugu ba ne, magana ta ƙare. Kuma can ne kaɗai hannunsa ba ya kaiwa.

“Na gwada da madubi,” ya ce yana ɗan murmushi. “Saura ƙiris in huda huhuna.”

“Ka je wani asibitin. Ba a sa 'ya ta yi wa ubanta wannan.”

“Waɗanda suka iya aikin nan ni na koya musu, na san kunnen kowa. Wani ba ya ji, wani yana ji amma ba zai iya kallon idona ya faɗa ba, sai ya hau yi min kwana-kwana. Ni ba ra'ayinki nake nema ba, hannunki nake nema. Ki soka, ni zan saurara.”

“Ba zan iya ba, Baba.”

“Za ki iya. Kin soka wa ubannin wasu.”

A lokacin ta ji ta tsane shi, tsana ta gaske, don ta san gaskiya ya faɗa. Ta tashi ta shige ɗaki ta bar shi da bokitinsa. Da safe ta ce masa to.

Suka zaɓi ranar hutun mako da hantsi, lokacin da sashen ba kowa. Mama ta ji an ce gwajin wuya za a yi, ta ɗaura gyale ta cika filas da shayi ta ce ƙafarta ƙafarsu. Amma a bencin baranda ta ja birki.

“Nan iyakata. Ku bar ƙofar a ɗan buɗe, in ya suma in ji.”

“In na suma ke za a fara ɗauka,” in ji Likita.

Auta ta kunna injin, ta jera auduga da allura. Ya cire riga. Rabonta da ganin bayan ubanta tun tana ƙarama yana goya ta a kafaɗa ta taɓa silin. A lokacin bayan nan faɗinsa ya ishe ta gado. Yanzu ƙasusuwan kafaɗa sun fito, kuma tana cikin kallo ta ga fata ta ɗan harba a wani wuri, ta lafa, ta sake harbawa a wani wurin. Ta kawar da ido.

Ya kwanta rub da ciki, ya cusa matashi ƙarƙashin cikinsa don tsokar bayan ta saki, ya juya fuska ga bango. Daga nan ba ya ganin allo, ba ya ganin ta.

“Yatsu biyu daga tsakiya,” ya ce. “Ki karkata ciki, kada ki karkata waje, huhu na nan.”

“Na sani.”

“Na san kin sani. Faɗa nake yi.”

Ta laluba ƙashin da yatsa, ta auna, ta goge wurin. Ba ta yi shawara da kanta ba, hannun hagunta ne kawai ya je ya murɗa maɓallin lasifika har ƙasa. Ta ce a ranta za ta fara gani ne da idonta, ita kaɗai, ko na ɗan lokaci, kafin abin ya zama na kowa. Sannan ta soka. Ya ɗan zabura, ya lafa.

Layin da ke allon ya kamata ya miƙe sambal. Bai miƙe ba. Ƙananan tsini ne cike da shi, suna tafe ɗaya bayan ɗaya, a jere, ba sa gajiya.

“Saki jikinka,” ta ce.

“Na saki.”

Ta jira, ko za su lafa. Ba su lafa ba.

“Shiru ne,” ta ce. Muryarta ta fito daidai, har ta yi mamakin kanta.

Famfo na ɗiga. Can ya ce, “Matsa ƙasa kaɗan.”

Ta zare, ta sauka ƙasa, ta sake sokawa. Nan ma har sun fi yawa, suna hawa kan juna.

“Nan ma shiru, Baba. Wuya ne. Wuya ne da ƙugu.”

Na ɗan lokaci ta ɗauka ta sha. Har ta soma lissafin abin da zai biyo baya: a ɗauki hoton wuya, a yi ta jeka-ka-dawo kan tiyata, a samu 'yan watanni da zai kwanta ya yi barci kamar kowa. Ba ta nemi fiye da haka ba.

“Auta.”

Bai taɓa kiran ta haka a ɗakin nan ba. “Na'am.”

“Sau biyu ƙarfe ya ratsa namana ban ji ko ƙaras ba. Ko tsokar saurayi ɗan ƙwallo ce, in allura ta shige ta sai ta yi ƙara tukuna sannan ta kwanta. Ko hucin lasifikar ban ji ba.” Ya numfasa a cikin shimfiɗar roba. “Kuma da alheri kika gani a allon nan, da tuni kin buɗe min in ji da kunnena.”

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ya ƙara, sai kafaɗu ke girgiza.

“Kada ki yi kuka da allura a jikin mutum,” ya ce, muryarsa ta koma ta aiki. “Riƙe ta da kyau. Ke, saurara. A ɗakin nan ba a rage wa majinyaci murya. Jikinsa ne, labarinsa ne. Ba ki da ikon ɓoye masa don ke ki ji sauƙi. Kin ji ni?”

“Na ji.”

“Buɗe.”

Ta kai hannu. Ta murɗa ya wuce inda ta nufa. Wannan karon ba yayyafi ba ne. Ƙarar ta cika ɗakin, ta bugi bango, ta fita ta ƙofa. Ta so ta rage, ya ɗaga yatsa ya hana ta. Ya saurara ya daɗe, fuskarsa ga bango, yadda yake sauraron na kowa, har sai da ya gamsu.

“Cire,” ya ce a hankali.

Ta zare allurar, ƙarar ta ɗauke. Ta danna auduga a wurin, ta bar hannunta a bayansa fiye da yadda aikin ke buƙata. Ya tashi zaune a bakin gado, ya jawo rigarsa ya ɗora a cinya bai sa ba. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai dai ta ga ya tsufa a gabanta.

“Alhamdulillahi!”

Mama ce a bakin ƙofa, ta rufe ido da tafin hannu, filas a hammata.

“An gama? Kun ɓoye abin? In buɗe ido?” Ba ta jira amsa ba ta buɗe. Dariya take yi, idonta cike da ƙwalla. “Wallahi kun kusa kashe ni a bencin nan. Da na ji shirun nan ya yi tsawo, gabana sai faɗuwa yake, na ce shi ke nan naman ya mutu, ba abin da ke motsi. Ina ta addu'a. Sai kawai na ji injin ya ɗauka, ratatata, kamar ruwa da bakin ƙwarya. Na ce yauwa, tsohona da sauran ƙarfinsa!” Ta share ido da bakin gyale. “Ko ba haka ba ne? Ku ne likitoci, ku faɗa min.”

Auta ta tsaya da auduga a hannu tana jira. Yanzun nan ya gama yi mata faɗa, kalmomin ma ba su gama fita daga ɗakin ba. Ta san zai jawo kujera ya ce wa uwarta ta zauna.

Ya dubi matarsa ya daɗe. Sai ya juyo ya dubi Auta, ta ga abin da ba ta taɓa gani a idon ubanta ba tun da aka haife ta. Roƙon ta yake yi.

“Haka ne,” ya ce wa Mama. “Da sauran ƙarfi.”

“Ban faɗa ba? Barcin kujera!” Ta juya ga 'yarta. “Ke kuma mene ne na kuka, sai ka ce ke aka soka wa? Ke kika gani da idonki, wuyan ne ko?”

Auta ta juya ta jefar da audugar.

“Wuyan ne, Mama.”

Mama ta ajiye filas a kan firiji, ta buɗe, ta tsiyaya shayi tana faɗin yadda za ta jefar da kujerar nan kowa ya huta. Ta cika kofi, ta miƙa masa wajen hannunsa na hagu. Auta ta riga shi karɓa.